Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai cutar da mukan yi wa addu'a a tsakiyar sujada, har mu ambaci sunan mai ita. Akwai kuma wadda mai ita ya gwammace ya mutu da a ji. Ciwon sanyi da tunjere da ƙanjamau suna cikin ta biyun. Ga tambayarmu: mai bi wanda yake shakkar jikinsa, wajibi ne ya je a auna shi, har ya gaya wa matarsa, ko kuwa yana da iko ya rufa wa kansa asiri?

Bari mu fara duba halin cututtukan nan. Tunjere yakan soma da ɗan gyambo marar zafi, wajen mako 3 bayan an ɗauka. Gyambon ya warke don kansa, mutum ya ce ya rabu da shi, ashe cutar ta shige jini. Bayan shekaru takan taɓa zuciya ko ƙwaƙwalwa. Mai juna biyu kuwa takan ba ɗan da ke cikinta, ta yi ɓari ko ta haifi gawa. Ciwon sanyi yakan zauna a jikin mace ba alama, har ya toshe mata hanyar haihuwa. Sa'an nan dangin miji su ce juya ce, alhali kuwa mai laifin yana zaune shiru. Asirin da mutum ya ce nasa ne, ga shi wata tana biyan kuɗinsa.

Allah kuwa bai bar mu ba magani ba. A 1928 wani masani, Alexander Fleming, ya gano penisilin a birnin Landan. A 1943 aka fara warkar da tunjere da shi, har yau kuwa shi ne maganinsa. Ciwon sanyi ya daina jin penisilin a wurare da yawa, saboda haka ƙwayar da ake saya a kasuwa a sha rabi ba ta kashe shi, amma likita yana da allurar da ke yi. Ƙanjamau ba a sami maganin da zai raba mutum da shi ba tukuna, amma mai shan ƙwayarsa kullum yakan yi tsawon rai. In awon jini ya nuna an danne cutar sarai, ba ya ba matarsa.

Wani dattijo zai ce, “Ashe, magani ba zai sa zunubi ya yi araha ba?” A'a. Allura jiki take warkarwa, gafara kuwa sai ta wurin tuba. Mazinaci yana bukatar duka biyu. Kada kuma mu manta, da yawa cikin masu cutar ba su yi zina ba. Me jariri ya yi? A Yohanna sura 9 almajirai sun tsaya neman mai laifi a kan makahon nan, Ubangiji kuwa ya buɗe masa ido.

Ku tuna da Na'aman a 2 Sarakuna sura 5. Babban sarkin yaƙi ne, amma bai rabu da kuturtarsa ba sai da ya ajiye girmansa, ya nutse cikin Urdun sau 7. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Saboda haka wanda yake shakka ya tafi asibiti cikin makon nan. Ya gaya wa matarsa da bakinsa, su tafi tare, gama in aka yi wa ɗaya magani aka bar ɗaya, cutar za ta komo. Su shanye maganin duka, su dakata da kwana tare sai likita ya yarda. Mai ciki ta nemi awon jini, masu shirin aure su ma haka.

Mu kuma fastoci da dattawa, lalle mu kama bakinmu. Idan ɗan'uwa ya faɗa mana damuwarsa da dare, da safe ya ji ta a bakin rijiya, ba wanda zai sāke zuwa, alhakin mata da 'ya'yan da za su cutu kuwa yana wuyanmu.