KYAUTAR MANYAN KAMFANONI: SADAKA CE KO BIYAN BASHI?

 

Ya ku ƴan'uwa musulmi, a wani watan azumi da ya wuce an gayyace ni in yi addu'ar buɗe taro inda wani kamfani yake rabon shinkafa da sukari ga mabuƙata. An kafa rumfa, an jera buhuna, kowane buhu da sunan kamfanin a jikinsa, masu ɗaukar hoto suna ta kai da kawowa. Na yi addu'a na koma gida. Bayan sallar isha'i wani bawan Allah ya jira har jama'a suka watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, ni lebura ne a kamfanin nan, yau wata uku ba a biya mu ba." Ban sami abin ce masa ba sai ban haƙuri. Tun daga daren nan nake juya wannan mas'ala a zuciyata: abin da manyan kamfanoni suke kashewa kan al'umma, sadaka ne ko kuwa biyan bashi?

A yau kusan kowane babban kamfani yana ware kuɗi domin abin da ake kira sauke nauyin al'umma: ya gina lakkwal, ya haƙa rijiya, ya ba da magani. Ƙasar Indiya ma ta mayar da abin doka a shekarar 2013, ta wajabta wa manyan kamfanoninta kashe kashi 2 cikin 100 na ribarsu ta wannan hanya. Tun kuma da Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da muradun ci gaba mai ɗorewa guda 17 a shekarar 2015, da nufin cim musu a 2030, sai kamfanoni suka riƙa jingina kyaututtukansu da su, wannan ya ce rijiyarsa ta muradi na 6 ce, wato tsabtataccen ruwa, wancan ya ce gidan likitarsa na muradi na 3 ne, wato lafiya. Babu mai hankalin da zai ƙi ruwa ko lafiya. Matar da ta haihu lafiya a likitar da kamfani ya gina ta amfana, ko da wace niyya aka gina ta. Niyya tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, mu zahiri muke dubawa.

Amma shari'a ta jera haƙƙoƙi daki-daki, ba ta bar su a cakuɗe ba. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado ya san cewa ana fara biyan bashin mamaci kafin a zartar da wasiyyarsa, komai kyan abin da ya yi wasiyya da shi, ko da ginin masallaci ne. Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun ƙara da cewa mutumin da bashi ya dabaibaye dukiyarsa, masu binsa suna da ikon hana shi yin kyauta, domin abin da yake son bayarwa a haƙiƙa ba nasa ba ne. Haka kuma wanda ya ɓata abin wani, ramuwa ta hau kansa, ba ta faɗuwa don ya yi wa mai abin alheri ta wata fuska. Idan shanuna suka cinye gonarka, ba zan kawo maka goron salla in ce mun rabu ba.

To, mu ɗora wannan ma'auni a kan abin da muka sani a ƙasarmu. A Arlit kamfanin SOMAIR ya fara fitar da ƙarfen yuraniyom a 1971, COMINAK kuma a 1978 kusa da Akokan, dukansu biyu da babban hannun jarin kamfanin Faransa da aka sani da Areva, daga baya Orano. Kamfanonin sun gina gidajen likita a garuruwan biyu, mutanen gari da ba ma'aikatansu ba sun sha magani a ciki. Wannan gaskiya ce, ba za mu ɓoye ta ba, domin ƙin wani ba ya halatta tauye masa abin da ya yi. Sai dai a ranar 31 ga watan Maris na 2021 COMINAK ya rufe, ya bar tarin dusar ma'adini da ta kai kimanin tan miliyan 20, mai fitar da tururin guba da ido ba ya gani, wanda illarsa ke daɗewa fiye da rayuwar jikokin jikokinmu. Tun a 2009 masu bincike na ƙungiyar Greenpeace tare da CRIIRAD ta Faransa suka auna wasu titunan Akokan, suka sami wannan tururi ya zarce ƙima nesa ba kusa ba. Ruwan da aka yi shekaru ana zuƙowa domin wanke ma'adinin kuwa tsohon ruwa ne na ƙarƙashin hamada, wanda damina ba ta mayar da shi. Rufe wannan dusa, da sa ido kan ruwan sha, da duba lafiyar tsofaffin ma'aikata har ƙarshen rayuwarsu, duka bashi ne. Wanda ya yi su ya sauke wajibi, ba a yi masa guɗa. Wanda ya bar su kuwa, lakkwal goma ba za su goge masa ba.

Kada wani ya ɗauka maganar ta baƙi ce kawai. A watan Yuni na 2025 gwamnatin Nijar ta bayyana mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Wanda ya karɓi gona ya karɓi ƙayarta: haƙƙin mutanen Arlit bai sauya ba don mai riƙe da makulli ya sauya. Tun 2006 ma dokar ma'adinai ta ƙasarmu ta tanadi kashi 15 cikin 100 na kuɗin da ƙasa ke samu daga ma'adinai domin komin-komin na jihar da ake haƙowa, kuma ƙungiyoyin farar hula sun sha kokawa kan jinkirin isar kuɗin. Wannan kaso haƙƙi ne rubutacce, ya fi kowace kyauta daraja, domin talaka yana iya tambayarsa da ɗaga kai, ba sai ya durƙusa ba. Hukuncin ɗaya ne ga matatar mai ta SORAZ da ta fara aiki a jihar Damagaram a 2011, ɗaya ne kuma ga attajirin Maraɗi ko Tawa mai ma'aikata ashirin.

Sauran laifin namu ne, mu limamai da sarakuna da shugabannin ƙungiyoyi. Hausawa sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Mu ake kira a zaunar a sahun gaba, da addu'armu ake buɗe taro, da ita ake rufewa, jama'a kuwa idan suka gan mu sai su ɗauka komai ya tafi daidai. Kamfani ya san darajar wannan zama namu, shi ya sa yake aiko da mota. Ban ce a mayar da buhun shinkafa ba, mai yunwa ya fi kowa sanin amfaninsa. Abin da nake cewa shi ne, kafin mu ɗaga hannu mu yi tambaya: an biya ma'aikata? Ina ake zubar da dattin masana'anta? Manoman da aka karɓi gonakinsu sun sami diyyarsu? Waɗanne mutanen gari aka shawarta kafin a ce rijiya suke so ba likita ba, kuma wa zai gyara famfon idan ya lalace bayan an naɗe rumfa?

A azumin da ya biyo baya, da aka sake aiko mini da takardar gayyata daga wancan kamfani, na tambayi wanda ya kawo ta ko an biya leburori haƙƙinsu. Ya ce zai tambayo manya ya dawo mini da amsa. Takardar tana nan cikin aljihun rigata, shi kuwa bai dawo ba tukuna.