Ko Daidai Ne Mu Ce Ganye Yana Warkar Da Daji?

'Yan'uwa, ran kasuwa a Kazaure ko Babura mukan ji mai magani yana shela, wai ga saiwa da ganye masu kashe ciwon daji. Mu ma, ko a Roni ko a Gwiwa, in mun je dubiya mukan ce wa majinyaci, "Sha wannan, an ce yana yi." Ko daidai ne mu faɗi haka?

Lalle Allah ya sa magani cikin itatuwa. Akwai wani ɗan fure, asalinsa tsibirin Madagaska ne, wanda akan shuka domin ado. A Kanada ana neman maganin ciwon sukari cikin ganyensa, sai aka tarar yana rage fararen ƙwayoyin jini. Daga nan Robert Noble da Charles Beer suka fitar da maganin daji mai suna binbilastin a 1958. Ɗan'uwansa binkiristin aka yarda da shi a 1963, har yau da shi ake jinyar yara masu dajin jini. Haka kuma taksol: an sassaƙo ɓawon itacensa a Amurka a 1962, amma sai 1992 aka yarda likitoci su riƙa ba da shi. Shekara 30 ke nan ana bincike.

Don me aka daɗe haka? Domin abin da ke hana ƙwayar daji hayayyafa yana taɓa lafiyayyar ƙwaya kuma. In ya yi kaɗan ba ya warkarwa, in ya yi yawa yana kisa, tukunya kuwa ba ta san ma'auni ba. Sabarar gonakinmu ma an gwada sinadarinta bisa ƙwayoyin daji cikin kwalba, ya kashe su. Amma kwalba dabam, jikin mutum dabam.

To, ga inda alhaki yake. A ce mace ta ji ƙullutu a nono, muka ce ta dafa ganye. Ta yi wata shida tana sha. Kafin a kai ta Asibitin Malam Aminu Kano ciwo ya yaɗu. Maganarmu ce ta cinye mata lokacin da likita zai iya taimakonta. Da ƙauna muka faɗa, gaskiya ne, amma mun yi shaidar abin da ba mu gani ba.

Saboda haka kada mu ji kunyar cewa, "Ban sani ba." Mu tara mata kuɗin mota, mu raka ta asibiti tun da wuri, mu yi addu'a tare da ita. Ubangiji ya tsare bakinmu.