Labarin Mutane Amana Ne

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, akwai wata muhawara da ta daɗe tana gudana tsakanin marubutan ƙagaggun labarai da masu shirya silima: shin ya halatta mutum ya ɗauki tarihin wasu mutane da al'adunsu ya gina labarinsa a kai, alhali shi ba nasu ba ne? Wasu na cewa waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, baƙo ya kama bakinsa. Wasu na cewa alƙalami ba ya da ƙabila. Mas'alar ta shafe mu, domin ƴaƴanmu suna sanin kakanninsu ta hanyar abin da suke karantawa da abin da suke kallo.

Mu ɗauki misali daga ƙasarmu. A watan Afrilu na 1899 rundunar Faransa, ƙarƙashin kaftin Voulet da kaftin Chanoine, ta auka wa garin Lugu da ke ƙasar Arewa, kusa da Dogondutsi, inda Sarauniya Mangu da jama'arta suka ƙi miƙa wuya. Waɗanda suka fara rubuta labarin su ne maharan da kansu, kuma a takardunsu ba ta wuce wata matsafiya da ta tare musu hanya ba. A 1980 Abdullahi Mamani, haifaffen Gudumariya, ya wallafa littafinsa *Sarraounia* da Faransanci, ya mai da ita jarumar da ta iya baka da kibiya, take jagorantar mayaƙa da kanta. A 1986 kuma Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya mai da littafin silima a ƙasar Burkina Faso, har ya ci babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987.

To, wa ya riƙe amana cikin ukun nan? Baƙon farko ya zalunce ta. Baƙo na biyu ya kai sunanta duniya. Ɗan ƙasa kuwa ya ɗaga darajarta, amma ya yi ƙari da ragi, domin masu binciken da suka zauna da dattawan Lugu sun tarar Sarauniya sarautar al'ada ce da ake gado, kuma labaran baka sun fi ƙarfafa asirinta a kan faɗa da makami. Bayan haka littafin da silimar sun nuna shugabannin Musulmi a matsayin abokan gabarta ko masu noƙewa, har mai kallo ya iya zaton ba wani Musulmin da ya tsaya. Alhali rundunar nan ita ce ta yi wa mutanen Birnin Ƙwanni kisan gilla a watan Mayu na shekarar, kuma Sarkin Damagaram Amadu Kuran Daga ya tari Faransawa a Tirmini cikin watan Yuli. Ashe zama ɗan ƙasa ba ya kare marubuci daga karkata, baƙunta kuma ba ta hana shi yin adalci.

Addininmu bai sanya jini sharaɗin ilimi ba. Imamu Buhari mutumin Buhara ne, Sibawaihi da ya tsara nahawun Larabci Bafarishe ne. Alƙur'ani mai girma ya ba mu labarin Adawa da Samudawa da Banu Isra'ila domin mu wa'aztu. Ibnul Muƙaffa'i ya ɗauko *Kalila wa Dimna*, wanda asalinsa daga Indiya ne, ya juya shi daga Farisanci zuwa Larabci. Mu kanmu Hausawa mun ci moriyar aro: Alhaji Abubakar Imam, a *Magana Jari Ce* da ya fara fitowa a 1937, ya ɗebo labarai daga *Alfu Laila wa Laila*, daga Indiya da Jamus, ya sa musu rigar Hausa. Idan muka ce kowa ya tsaya ga labarin gidansu, sai mu fara da mayar da wannan littafi. Kuma aya ta 13 ta Suratul Hujurati ta sanar da mu cewa an yi mu al'ummomi da ƙabilu ne domin mu san juna. Ina sanin juna idan an hana kowa ya ambaci kowa?

Saboda haka abin da muke gani shi ne, ƙofa a buɗe take, sai dai mai shiga ya yi sallama, ya cika sharuɗɗa uku.

Na farko, ilimi. Aya ta 36 ta Suratul Isra'i ta hana mu bin abin da ba mu da sani a kansa. Malam Albiruni, kafin ya rubuta littafinsa kan Indiya wajen shekara ta 1030, sai da ya koyi harshen Sanskirit, ya karanta littattafan Hindu daga tushe, ya kawo maganarsu yadda su suke faɗarta, ko da yake bai yarda da aƙidarsu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, wanda zai bayyana ɗakin sai ya tambaye shi.

Na biyu, adalci. Aya ta 8 ta Suratul Ma'ida ta umurce mu kada ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu ƙi yi musu adalci. Ba mu yarda da tsafi ba, amma wannan bai ba mu damar ɓoye cewa mutanen Lugu sun ƙi zalunci ba. Ƙagaggen labari ba laifi ba ne muddin mai karatu ya san ƙage ne, amma da zarar an sa sunan gari na gaskiya da mutum na gaskiya, hukuncin ƙazafi da giba ya shigo, domin matattu ma suna da mutunci, kuma jikokinsu suna raye.

Na uku, mayar da haƙƙi. Malamanmu ba sa kawo hadisi ba tare da isnadi ba. Wanda ya ɗebi labari daga bakin tsofaffi ya sami suna da kuɗi, ya ambace su, ya kuma mayar musu da aikin cikin harshen da suke ji.

Sharuɗɗan nan a kanmu suka fara hawa. Mu dubi yadda wasannin kwaikwayonmu suke nuna Bafillace da Buzu da Bazabarme da Babarbare. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu gado ne mai kyau, amma idan ya zama kullum wancan ne wawa, wancan ne ɓarawo, ya koma izgilin da aya ta 11 ta Suratul Hujurati ta haramta.

Daga ƙarshe, kukan an sace mana labari ba ya da amfani ga wanda ya bar labarin a yashe. A Maraɗi da Tawa da Damagaram akwai dattawan da ke riƙe da tarihin garuruwansu, akwai takardun ajami cikin gafakan malamai. Muna kira ga matasanmu masu ilimi su zauna gabansu, su rubuta da Hausa tun kafin ƙasa ta rufe ido.

Allah Ya sa mu cikin masu riƙon amana, Ya tsare harsunanmu da alƙalumanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.