Littattafan Hamada da Ladabin Mai Karanta Su

Godiya ta tabbata ga Allah Mahaliccin rairayi da duwatsu. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai tambayar da kan taso tsakanin ƴan'uwa, musamman matasan da suka haɗa karatun zaure da na boko. Muridi ya sami littafi a kan dabbobin Sahara, ko itatuwanta, ko duwatsun Ayar, ko ginin ƙasa na Agadas. Sau da yawa da Faransanci aka rubuta shi, kuma mai yiwuwa ne ya karance shi tas bai ga inda aka ambaci Allah ba. Shin lokacin da ya ba wannan karatu riba ne, ko kuwa shagala ce da ta ci masa lokacin zikiri?

Masu cewa shagala ce suna da hujja. Ilimin halitta yana iya zama hijabi. Mutum ya san sunan kowace ciyawa da shekarun kowane dutse, sanin ya cika masa ciki, har ya ɗauka cewa abin da ya raɗa wa suna ya gama saninsa. Wanda ya tsaya a nan ya yi kama da baƙon da ya shagala da ƙirga azarar zaure, bai tambayi mai gidan ba har rana ta faɗi.

Sai dai tsoron hijabi bai isa ya sa a rufe littafin ba. Suratul Gashiya ta ja hankalin bayi zuwa ga raƙumi da sama da duwatsu da ƙasa, waɗanda su ne abubuwan da matafiyi a hamada yake gani daga asuba zuwa magariba. Imamu Gazali ma ya ware babi guda na tafakkuri a cikin Ihya'u, inda ya tsaya a kan ƙananan halittu irin su gizo-gizo da ƙudan zuma. Tafakkuri kuwa yana buƙatar abin da zai kama. Wanda ya dubi hamada bai ga komai ba sai yashi, tasbihinsa a kanta gajere ne. Wanda ya san abin da yashin ya rufe, nasa ya fi tsawo da nauyi.

A Gadufawa, kudu maso gabashin Agadas, masu bincike sun tono ƙasusuwan manyan dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam, har da wani kada mai tsawon da ya haura mita 9. Masana duwatsu suna ƙiyasta shekarunsu da fiye da miliyan 100, kuma ana iya ganin wasu daga cikinsu a gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai. Kada ba ya zama sai inda ruwa yake, ke nan manyan koguna sun taɓa gudana a wurin da yau ayari ke tsoron ƙishirwa. A Dabus kuma, arewa da Agadas, mutanen da suka shuɗe sun sassaƙa raƙuman dawa a jikin dutse, babban ya haura mita 5, alamar cewa wurin ya taɓa zama dajin kiwo. Muridin da ya karanta wannan, wa'azin ƙarewar duniya ya zo masa da hujjar da ake taɓawa da hannu. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Haka al'amarin gawo. Kowane manomi a Maraɗi da Damagaram ya san yana zubar da ganye da damina, ya yi kore shar da rani lokacin da sauran itatuwa suka bushe. Littattafan tsirrai sun ƙara bayanin cewa saiwarsa tana nitsewa can ƙasa neman ruwa, kuma yana ƙara wa ƙasa taki, shi ya sa gero ya fi kyau a gindinsa. Ga itacen da ba ya tare wa shuka rana lokacin da take bukatarta, sannan ya ba dabba inuwa da abinci lokacin da babu. Wanda ya fahimci wannan tsari sannan ya ambaci sunan Allah Al-Hakimu, ya san abin da harshensa yake faɗi.

Littattafan gini su ma suna da nasu darasi. Hasumiyar babban masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da laka aka yi ta. An fara gina masallacin wajen shekarar 1515, aka sake gina hasumiyar a 1844. Itatuwan da suka leƙo daga jikinta matakan magina ne, domin ginin ƙasa sai da yaɓe lokaci bayan lokaci. An gina ta da sanin cewa za ta zaizaye, aka bar wa masu zuwa hanyar gyara. Zuciyar mai suluki haka take, ba a gama ta rana ɗaya, kuma wuridin safe da yamma shi ne yaɓenta.

To, idan ilimi yana iya zama hijabi, yana kuma iya zama tsani, da me muridi zai gane wanne nasa ya zama? Ma'aunin yana ga abin da hannunsa yake yi wa halittar bayan ya san ta.

Labarin itaciyar Tenere ya isa misali. Wata itaciyar ƙaya ce ita kaɗai a kan hanyar ayarin gishiri tsakanin Agadas da Bilma, babu wata kusa da ita sai an yi tafiya mai nisa. Da aka haƙa rijiya a gefenta a 1938 zuwa 1939, an tarar saiwarta ta bi ruwa har fiye da mita 30. Ayari bayan ayari sun yada zango a wurinta, ga sanyin dare, ga bukatar itacen dafa shayi, amma suka bar mata rassanta. A 1973 wata babbar mota ta buge ta, ta faɗi. Aka kai gangar jikinta gidan tarihi na Yamai, aka kafa ta ƙarfe a gurbinta. Masu raƙuman nan ba su san sunanta na littafi ba, amma sun san haƙƙinta, kuma wannan sanin ne ya raya ta shekara da shekaru.

Wannan ma'auni yana kama ɓangare biyu. Yana kama mai karatun da ya tara sunaye, sannan ya ɓamɓare dutse mai zane ya sayar wa baƙi. Yana kuma kama mai tasbaha da yake cewa shi Mahalicci yake kallo, ba ruwansa da halitta, alhali yana sare gawo ɗanye don gawayi. Wanda yake da'awar son Mai sana'a ba ya wulaƙanta aikin hannunSa.

Kuma lamarin na gaggawa ne. Farar dabbar nan mai murɗaɗɗen ƙaho da littattafai ke kira adaks, wadda kan daɗe ba ta sha ruwa ba sai raɓa da danshin ciyawa, wani bincike da aka yi a yankin Tarmit a 2016 guda 3 kacal ya gani. A ɗaya gefen, raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai, sun ragu zuwa wajen 50 a tsakiyar shekarun 1990, amma da aka hana farautarsu, manoma suka yi haƙuri da ɓarnarsu, sun haura 600, har aka kai wasu Gadabeji a 2018. Manoman Maraɗi da Damagaram kuma, ta hanyar barin tohon itace a gona maimakon sassabe shi, sun mayar da itatuwa a fili mai faɗin hekta kusan miliyan 5. Duk inda sani ya haɗu da kunyar Allah, ƙasa tana shaidawa.

Saboda haka muridi ya karanta littafin hamada, ko wane ne ya rubuta shi, muddin bai ci masa lokacin farilla da wuridi ba. Ya karɓi awo da lissafi daga marubucin, ya gode masa a kan wahalar tafiya da bincike, sannan ya ƙarasa abin da littafin ya bari, wato mayar da yabo ga Mai shi. Bayan ya rufe littafin, sai ya duba ko gatarinsa ya ƙara jin nauyin itace ɗanye, ko ya ƙara tausayin jaki da raƙumin da ke ƙarƙashin hannunsa, ko ya rage ɓarnar ruwan alwala. In ya ga haka, karatunsa ya shiga cikin ibadarsa. In bai gani ba, ya sabunta niyya, ya koma ya sake karantawa.

Allah Ya buɗe basirar bayinSa, Ya sanya iliminsu ya zama hujja gare su ranar gamuwa da Shi, albarkar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi.