Shuka Ma Ana Yaye Ta

A bayan ɗakin girkinmu akwai wani ɗan fili da bai wuce taku shida ba, inda muke jibge fasassun bulo da tsofaffin robobi. A shekarar 2016, da tsutsar nan da manoman Kura da Kadawa ke kira sharon ta cinye gonakin tumatir har kwandonsa ya gagari talaka, uwargida ta ce mini, "Malam, wannan kangon da ke zaune a banza, ai ko na miyar kwana biyu ya ba mu." Da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa a watan Nuwamba, sai na share wurin, na sayo irin tumatir da tattasai da attaruhu, na tayar da ɗan kwami na reno.

Farkon aikin bai ba ni kunya ba. Na tankaɗe ƙasa, na gauraya ta da yashi mai laushi da busasshen kashin awaki da ya kwana biyu, domin an gargaɗe ni cewa ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Na ja layi da tsinke, zurfinsa bai kai gaɓar yatsa ba, na zuba iri, na rufe da ciyawa. Kwana shida tumatir ya huda ƙasa, kowane da ƴan kunnuwansa biyu. Attaruhu kuwa sai da ya ja mini rai kusan mako biyu.

Daga nan so ya rufe mini ido. Na kafa musu rumfar kara, na lulluɓe ta da buhu don kada rana ta taɓa su. Ban ruwa kuwa safe, azahar da magariba. Sun fito cunkus kamar gashin kai, amma na kasa cire ko ɗaya, don kowanne ina ganinsa tamkar kwanon tumatir ne. Suka yi ta tsawo, sirara, launinsu fari-fari, ni kuma ina murna wai suna girma. Wasu na tarar da su da safe a kwance, gindinsu ya ruɓe ya tsuke kamar zare, na ce ƙila ruwa ne bai ishe su ba, na ƙara. Da suka cika mako huɗu na tumɓuke su da hantsi na dasa a fili. Kafin a kira azahar duk sun yi laushi sun kwanta. Waɗanda suka tashi ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Na kai kukana wurin wani dattijo mai lambu a bakin rafi, wanda muke sayen alayyafo a hannunsa. Ya bar ni na gama zuba, sannan ya ce, "Yaro, ka yaye su kuwa?"

Na ce, "Baba, shuka ma ana yaye ta?"

Ya yi dariya har da riƙe haɓa. Ya ja ni wurin renonsa, ya tsuguna ya ciro tumatir guda ya ɗora mini a tafin hannu. Gajere ne, bai kai rabin tsawon nawa ba, amma karansa kauri gare shi, da ɗan gashi-gashi, ganyensa huɗu kore shar, saiwarsa kuma ta riƙe dunƙulen ƙasa ta ƙi saki.

Ya ce tsawon da nake wa murna neman haske ne, shukar da aka hana rana miƙewa take yi tana lalube, ba ƙarfi a jikinta. Ruɓewar gindi kuwa ciwo ne da ke zaune a ƙasa, ba abin da ke tashinsa kamar yawan laima da cunkoso. Shi da zarar iri ya tsiro yake kwashe ciyawar, ya rage waɗanda suka matse juna don iska ta ratsa. In saura mako guda a yi dashe, sai ya fara janye inuwa: yau su sha ranar hantsi kawai, gobe a ƙara musu, har su wuni a fili. Ruwa ma ya rage, don saiwa ta koyi nutsawa ta nemo da kanta.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda yake yi ranar dashen. Mutumin nan da ya yi mako yana ja musu rai, ranar sai ya jiƙa kwamin sharkaf don kowace shuka ta fita da ƙasarta. Ba ya dashe sai bayan la'asar, don su kwana cikin sanyi kafin su haɗu da rana. Ya ba kowace tazarar kamu guda, ya danna gindinta da yatsa, ya ba ta ruwa nan take, kuma kwana uku a jere dashen ne farkon abin da yake dubawa in ya idar da asuba. Ya ƙara da cewa ba kowane iri ke son dashe ba: kuɓewa a jiƙa ta ta kwana, a shuka ta inda za ta zauna.

Ina hanyar gida ina tunanin gidajenmu. Iyayenmu sun san yaye: sai yaro ya fara cin tuwo da koko, sannan a kai shi ɗakin kaka, inda za a rarrashe shi. Yau sai ka ga saurayi ya tasam ma ashirin bai taɓa wanke rigarsa ba, bai san farashin mudun shinkafa ba, ba a taɓa ce masa a'a ba. Ranar da jami'a ko bautar ƙasa ta tumɓuke shi, sai ya kwanta kafin azahar, a ce duniya ta lalace. Ba banza ba Bahaushe ya ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi.

Sai dai kada a fake da karin maganar nan a yi zalunci. Yaron da aka cire daga gaban uwarsa yana ɗan shekara shida, aka ajiye a wani gari ba guzuri, ba mai leƙa shi, ba yaye aka yi masa ba. Dashen tsakar rana ne, saiwa tsirara. Mai lulluɓewa da mai jefarwa duk abu ɗaya suka guje wa, wato wahalar janye inuwa kaɗan-kaɗan, ido na kai.

Shekarar da ta biyo na bi maganar Baba, muka ci tumatir har zafin bazara ya fara kakkaɓe furensa. A cikin kwanakin ne na miƙa wa babban ɗana kuɗin cefane, na ce ya je kasuwa shi kaɗai. Uwarsa ta ce, "Malam, za su cuce shi fa." Na ce ƙila. Ya dawo da albasa, biyu a ciki ruɓaɓɓu, canjin ma bai cika ba. Bai san ina biye da shi daga nesa ba, har ya shigo zaure. Na ce a raina, mako mai zuwa shi zai koma, ni kuma iyakata bakin titi.