Darasin Hudaibiyya Ga Mai Son Takalar Faɗa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa masu karatu, akwai wata cuta da ke damunmu, wato mutum ya ji ba shi da sukuni sai ya takali wani. A majalisa yake jefa baƙar magana, a ƙofar masallaci yake jan musu. Mafi muni shi ne wanda ke tsokana yana kiranta kishin addini. To, bari mu duba yadda shugaban halitta ya yi a ranar da aka takale shi.

A watan Zulƙida na shekara ta 6 bayan Hijira, daidai da 628 Miladiyya, Manzon Allah (SAW) ya fito daga Madina da sahabbai wajen 1,400 da niyyar Umra. Ƙuraishawa suka tare hanya, ya yada zango a Hudaibiyya. Wasu mutum 80 suka lallaɓo da makamai don su auka wa Musulmi, aka kama su, ya sake su ba tare da an zubar da jini ba.

Sa'an nan Suhailu ɗan Amru ya zo sulhu. Sayyidina Aliyu ne magatakarda. Da aka fara da Bisimilla, Suhailu ya ce shi bai san Rahamanu ba, a rubuta yadda Larabawa suka saba. Aka yi masa. Da aka rubuta Manzon Allah bayan sunan Muhammadu, ya ce a goge, don da sun yarda da manzancin ai da ba su yaƙe shi ba. Aliyu ya kasa gogewa. Annabi ya ce a nuna masa wurin, ya goge da hannunsa mai albarka. Tambayi kanka, ya mai karatu: da kai ne aka cire wa Alhaji ko Malam a takardar gayyata, kwana nawa za ka yi kana huci?

Sharuɗɗan ma da nauyi: a koma bana ba Umra, a ajiye yaƙi shekara 10, wanda ya gudo daga Makka a mayar da shi. Ana cikin haka sai ga Abu Jandal, ɗan shi Suhailun, cikin mari yana neman ceto, aka mayar da shi ana kuka. Sayyidina Umaru ya kasa daurewa har ya yi magana, daga baya ya yi ta sadaka da azumi saboda kalamansa na ranar.

Kalmar da Alƙur'ani ya yabi masu haɗiye fushi da ita a Ali Imrana, aya ta 134, asalinta a Larabci ɗaure bakin salka ne idan ta cika. Ashe fushin yana nan, baki ne ake ɗaurewa.

A hanyar komawa aka saukar da Suratul Fathi. Shekara 2 bayan haka Annabi ya shiga Makka da mutum 10,000. Shi kuwa Suhailu, tun da aka kama shi a Badar Umaru ya nemi a cire masa haƙoran gaba don ya daina zuga mutane da fasaharsa, Annabi ya hana. Ya musulunta bayan buɗe Makka. Da Annabi ya yi wafati, zukatan wasu suka fara rawa, shi ne ya miƙe a Makka ya yi huɗubar da ta tsayar da mutanen garin a kan Musulunci.