CACA TA SHIGO GIDAJENMU

Karatu: II Sarakuna 5:20-27

A dā mai son caca ya kan ɓuya bayan kasuwa da wuri ko karta, kunya kuwa ta kan hana shi bin hanyar ɗakin sujada. Yanzu caca ta shiga wayar hannu. Yaro yana zaune cikinmu ran Lahadi, bakinsa yana waƙa, zuciyarsa tana wurin ƙwallon da a ke bugawa a Ingila, gama ya sa kuɗi a kai.

Bari mu yi lissafi kaɗan. Saurayi ya kan haɗa wasa goma a takarda guda domin kuɗin da zai ci su yi yawa. Ko da a ce kowane wasa ci ne ko faɗuwa kaɗai, sau ɗaya cikin 1,024 ne zai dace da dukan goman. Ga kuma canjaras, wanda ya ke ƙara tsananta abin. Mai shagon ya riga ya cire ribarsa tun ba a fara wasa ba, abin da ya ba mutum ɗaya kuwa daga aljihun mutane masu yawa ya fito. Wanda ya ke zuba Naira 200 kowace rana, kafin shekara ta kewayo ya zubar da Naira 73,000.

Daga ina kuɗin nan su ke fitowa? Kuɗin makaranta ne, da kuɗin taki, da jarin da uwa ta tara da tuyar ƙosai. In sun ƙare sai bashi, bayan bashi ƙarya, bayan ƙarya hannu ya kai ga rumbun uba ko akwatin baiko. Mafi muni, yaron ya kan rena aikin hannu. Wanda ya ke jiran miliyan ran Asabar, yaya zai daure shekara uku yana koyon kafinta?

Haka ya faru da Gehazi. Ya ga dukiyar Na'aman, ya bi karusarsa da gudu, ya yi ƙarya ya karɓo azurfa da tufafi waɗanda bai yi wahalarsu ba, ya ɓoye, ya sāke yi wa Elisha ƙarya. Ƙarshensa kuturta, har ga zuriyarsa. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ku tuna kuma, sa'ad da Mai Cetonmu ya ke bisa gicciye, sojoji suna ƙasa suna jefa ƙuri'a a kan rigarsa. Ceto yana bisa kansu, idonsu yana kan riga.

Kada mu jira hukuma. A shekara ta 2024 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yanke cewa sha'anin caca a hannun jihohi ya ke, amma ba jihar da za ta tsare zuciyar ɗanka dominka. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta lissafa jarabar caca cikin cututtuka, kusa da jarabar giya. Domin wannan, zagi da kora ba su isa magani ba.

Iyaye, ku tambayi 'ya'yanku inda kuɗinsu su ke tafiya, ku da kanku kuma kada a ga takardar caca a aljihunku. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. Dattawan ekklesiya, ku ziyarci wanda ya fāɗi a asirce, ku taimake shi shirya biyan bashinsa, ku nema masa sana'a. Zumuntar matasa ta kafa adashi, inda kowa zai kwashi abin da ya zuba.

Kai kuma saurayi, in kana cikin wannan tarko, kada ka ce sai ka mai da abin da ka rasa tukuna. Wannan tunani shi ne igiyar da ta ɗaure ka. Ka faɗa wa pastonka ko wani dattijo yau, ka ba amintacce ajiyar kuɗinka, ka kawo zunubinka wurin Yesu, gama ba ya korar mai tuba.

Ubangiji ya tsare 'ya'yanmu, ya koya mana wadar zuci. Amin.